Buhun shara na cika duk kwana biyu, ta ina za a fara ragewa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gida ne mai mutum 9, kuma mai kwasar shara ya ƙara kuɗi. A ba mu dabara don Allah.

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ajiye bokiti biyu a bakin madafa, ɗaya na jiƙaƙƙen abu, ɗaya na busasshe. Da zarar miya ta taɓa kwali ko leda, ba mai saye, ba mai amfani da su.

Antin Dorayi: Ɓawon doya da na dankali da ragowar tuwo ai na awaki ne. In ba ki kiwo, maƙwabta na yi.

Mai Lambu: Haka ne, amma a tsince leda tukuna. Akuya ba ta narkar da ita, taruwa take a tumbi, dabba ta yi ta ramewa tana cin abinci. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa.

Sauran kuma a yi taki, kuma a nan mutane ke ɓata abin har su ce taki wari ne da shi. Rami za a haƙa mai zurfin gwiwa, a inuwa, nesa da rijiya. A shimfiɗa karan dawa ko busasshen ganye a ƙasa. Duk kwano 1 na ɓawon kayan miya, a bi shi da kwano 2 zuwa 3 na busasshen ganye ko yagaggen kwali, a barbaɗa ƙasa. Kashin kaji ko na awaki yana sa shi saurin ruɓewa. A juya da shebur duk mako. In kin damƙa, ya dunƙule ba tare da ruwa ya ɗigo ba, to daidai yake. Wanda ya yi caɓa-caɓa iska ba ta shigarsa, shi ne ke ɗoyi, maganinsa ƙarin busasshen ganye. Wanda ya bushe ƙayau, musamman da hunturu, zai yi wata da watanni yana nan yadda aka zuba shi, sai an yayyafa ruwa an rufe da tsohon buhu. Nama, kifi da mai ba sa shiga, ɓeraye da ƙudaje suke kira. Toka kaɗan, tafin hannu ya isa. Cikin wata 2 zuwa 3 zai koma baƙi, yana ƙamshin ƙasar sabon ruwa.

Ummu Salma: Gidan haya mai siminti fa?

Mai Lambu: Tsohuwar roba babba, a huda gindinta da gefenta da ƙusa mai zafi.

Ɗan Gwangwan: Ku nemi mayen ƙarfe. Gwangwanin tumatir da na madara yana kama su, na lemo ba ya kamawa domin alminiyum ne, shi masu tukwane ke narkawa, kuma ya fi tsada a kilo. Jar waya ta fi su duka. In aka haɗa su a buhu guda, farashin baƙin ƙarfe za a biya ki.

Malam Na Gwale: Ni dai kada a aiki yara sayarwa. Daga nan ake koyon ɗauke murfin tukunya da kan famfo.

Ɗan Gwangwan: Malam, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mai sana'ar kirki ba ya karɓar kaya a hannun yaro.

Malam Na Gwale: To ku tsawata wa na cikinku.

Mai Zoɓo: A koma kan roba. Ta ruwa da ta lemo, mai lamba 1 a gindi, ba ta jure zafi, lanƙwashewa take, sai kunu ya huce ake ɗurawa. A wanke da sabulu har cikin murfi, nan datti ke maƙalewa, a jiƙa minti 2 a ruwa lita 4 da babban cokali 1 na bilic, a kife ta bushe. Wadda aka tsinto a bola ko a asibiti kada ta kusanci abin sha, a matse ta a sayar wa masu saye da kilo.

Nas Hotoro: Jarkar maganin feshi da ta fetur, ko sau goma aka wanke, ba a zuba mata ruwa ko man gyaɗa. Batir kuma kada a jefa shi a wuta, fashewa yake.

Antin Dorayi: Ledar fiya wata fa? Ita ta fi cika mana buhu, ga toshe kwata da damina.

Mai Lambu: A yanke bakinta, a huda ƙasa sau 3, a cika da ƙasa da taki a raini zogale ko gwanda. Sauran a shanya, a tara a buhu, akwai masu saye da kilo. Ban da hura gawayi da ita, hayaƙin yana tayar da asma.

Baba Tela: Ƙyallaye a kawo mana, matashin kai muke cusawa.

Ummu Salma: Wai Asabar ɗin nan ce ta tsaftar muhalli?

Nas Hotoro: Ta ƙarshen wata ce, saura mako guda.

Ummu Salma: Mai Lambu, zogalen kwana nawa yake yi a leda kafin a dasa?

Mai Lambu: Mako 4 zuwa 6. Ki tsaga ledar da reza, kada ki fizgo shi, saiwarsa ba ta son taɓi.