Kuɗin hidima a jirgin ruwa: an riga an yanka mana, sai mun ƙara da tukuici?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa.

Watan Mayu in Allah ya kai mu Baba da Umma za su cika shekara 40 da aure. Mu 'ya'yansu biyar muka yi karo-karo, ni da nake zaune a Birmingham aka ɗora wa shirye-shirye. Kwana 7 ne, za mu tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen, mu tsaya a Marsel ta Faransa, sai Jenowa da tashar da ke kusa da Roma da Palermo a Italiya, mu juyo. Mu huɗu ne, su biyu da ni da maigidana. Biza ta fito, alhamdu lillahi.

To jiya ina duba takardu sai na ci karo da wani kuɗi da ban lura da shi ba tun farko: yuro 12 kan kowane mutum a kowane dare, wai kuɗin hidima. Na lissafa, yuro 336 ke nan mu huɗu. Shin wannan shi ne tukuicin gaba ɗaya, ko kuwa sai mun sake ba wa mai gyaran ɗaki da masu kawo abinci a hannu? Na kuma ji wai ana iya cewa a cire shi.

Sai maganar bikin. Ina so a kawo musu kek a daren. Wa zan gaya wa, kuma shi ma sai da tukuici? Ku sani Baba mutum ne da ko yaro ya nuna masa wajen ajiye mota sai ya ba shi na goro. Tun da ya ji ma'aikata suna zuwa su yi wa mutum waƙa a tebur ya ce in canjo masa sababbin takardu zai yi liƙi. Na ce Baba, takarda mafi ƙanƙanta a yuro ta 5 ce fa. Ya ce to ina ruwansa.

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina abin da aka yanka maka tun kafin a yi maka aikin sunansa haraji. Tukuici kai kake bayarwa don ranka ya yi daɗi. Ki je wajen masu karɓar baƙi ki ce a cire, ki riƙe kuɗinki, duk wanda ya kyautata muku ki danƙa masa a hannu ya yi muku godiya. Su kamfanin su biya ma'aikatansu albashi mana. Ai kamfanin jiragen ruwa na P&O na nan Ingila sun daina karɓar wannan kuɗin tun 2019, sun shigar da shi cikin kuɗin tikiti, kuma jiragensu ba su nutse ba.

Ɗan Zango:

Malam Baban Ummi, a kan cewa ya kamata kamfani ya biya albashi mai kyau, ina tare da kai. Amma shawarar cirewa, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ni daga Kumasi nake, na yi kwantiragi biyu a jirgi, wata takwas-takwas, ina kwashe kwanoni a ɗakin cin abinci kafin a ƙara mini matsayi in fara kai abinci tebur.

'Yar'uwa, wannan yuro 12 ɗin tarawa ake yi a raba. Mai gyaran ɗakinki yana ciki, mai kawo miki abinci da mataimakinsa suna ciki, haka nan mutanen da har ki sauka ba za ki ga fuskarsu ba, irin masu wankin zannuwan gado a can ƙasan jirgi inda ko taga babu. In kika cire kika ba mutum biyu a hannu, wanda ya wanke farantin da Baba ya ci abinci ya tashi a tutar babu. Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, kowa yana da gidan da yake ciyarwa, kuma babu ranar hutu ko ɗaya a mako har kwantiragi ya ƙare. Dokar ma'aikatan ruwa ta 2006 hutun awa 10 cikin 24 ta tanada, kuma ana iya raba shi gida biyu. A jirgin da na yi, idan baƙo ya cire kuɗin, shugabanmu yakan kira wanda ke kula da ɗakin ya tambaye shi me ya yi wa baƙon. Mutum bai yi laifi ba a sa shi bayani.

Ki kuma duba takardarki da kyau, wasu kamfanonin a Turai ba sa ma yarda a cire sai da ƙorafi mai dalili. Naki ma da sauƙi. Jiragen Amurka irin su Carnival da Royal Caribbean kan kai dala 16 zuwa 20 da wani abu a rana, gwargwadon irin ɗakin.

Ƙari a hannu ba dole ba ne, ba wanda zai ɓata miki rai in ba ki bayar ba. In kina so, ki sa yuro 20 ko 30 a ambulan ki ba mai gyaran ɗakin su Umma a daren ƙarshe, haka ma mai kawo abinci, mataimakinsa kuma ki ba shi nasa daban, kada ki haɗa. Lemo da shayin da kuka saya da kati an riga an ɗora musu kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ki duba rasit kafin ki ƙara, mutane da yawa suna biya sau biyu ba su sani ba. Kyaftin da hafsoshinsa ba a ba su komai.

Akwai abin da ya fi ambulan amfani a wajenmu. Bayan tafiya za a turo miki takardar jin ra'ayi. Ki rubuta sunan wanda ya yi muku hidima kamar yadda yake a bajen ƙirjinsa. Ni da irin wannan aka ƙara mini matsayi, wata tsohuwa ce ta rubuta sunana sau biyu.

Hajiya Ta Gwale:

Maman Hanif Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku. Ni da Alhaji mun shiga daga Dubai muka zaga Abu Dhabi da Doha, lokacin ya yi ritaya. Bari in gaya miki abin da ba a gaya mini ba.

Kek ɗin ki yi odarsa tun kina gida a shafin da kika sayi tikiti, ko kuma ranar da kuka shiga ki nemi shugaban masu kawo abinci ki faɗa masa daren da kike so. Ki jaddada masa ba giya a ciki, ki sake jaddadawa. Turawa in suka ji bikin cikar aure abin da ke zuwa ransu kwalba ce. Mu muna shiga ɗaki muka tarar da ita cikin bokitin ƙanƙara da ɗan kati na taya murna. Alhaji ya tsaya bakin ƙofa yana salati, ya ƙi zama sai da yaron ya fita da ita. Bawan Allah ya yi ta ba da haƙuri, ya dawo da ruwan tuffa. A kayan zaƙin Italiya kuma ki riƙa tambaya, musamman tiramisu, sau da yawa akan zuba masa giya.

Na biyu, ki bincike akwatin Umma da kanki. Kasko da gawayi da turaren wuta ba sa shiga jirgi, galibin abin da ke da wuta ko ke ɗaukar zafi haramtacce ne, har dutsen guga. Nawa kaskon na lantarki ne ma, aka karɓe a bakin shiga, sai ranar sauka na gan shi. Ta tafi da humra ta wadatar. Kilishi ma kada su ɗauko, ba a shiga Turai da nama. Yaji dai ki ce ta ƙullo da yawa, za ku gode mini a kwana na uku.

Batun liƙi kuwa, ki lallashe shi. Yaran nan hannunsu ɗauke da kek da faranti, ga tebura suna jiransu, ba za su durƙusa tsintar kuɗi a ƙasa ba, kuma kunya za su ji a gaban shugabansu. Waƙar ma ba ta fi minti ɗaya ba, kafin ya zaro takarda ta uku sun watse. Ki sa bikin ya dace da daren da ake cin ado, Baba ya saka babbar riga da zanna, Umma ta ɗaura gwaggwaro. Alhaji da ya fito haka har layi aka yi ana neman hoto da shi. Hoton masu ɗaukar hoton jirgi dai da tsada, ki zaɓi ɗaya ki bar musu sauran.

Baban Ummi:

Ɗan Zango na ji bayaninka, ban san ana tuhumar ma'aikaci ba. Na janye maganar cirewa. Amma har gobe sunansa haraji.

Maman Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kuɗin hidima zan biya shi tun yanzu da fam in huta, kada ma Baba ya gan shi a rasit ya ce an cuce ni. Hajiya, kin yi gaskiya, na kira Umma ɗazu, ashe har ta sayi sabon kasko saboda tafiyar.

Na karanta wa Baba maganar liƙi. Ya yi shiru, sannan ya ce to a ba shi ambulan goma, shi zai raba da hannunsa, kuma ɗaya ta masu wanke-wanke ce. Yaya Ɗan Zango, in mutum yana so saƙo ya kai ga waɗanda ke can ƙasa, wa zai ba wa ya tabbata ya isa?