Rubutun Hausa a salula: ina kuskure ke wucewa, ina yake cizo?

Mai tambaya, Sabon Gari: Assalamu alaikum. Ƴan uwa masu aiki da rubutu, ku faɗa mana abin da kuke gani. Wasu na cewa in dai an gane saƙo, ƙa'ida ɓata lokaci ce. Haka ne?

Mushe (malamin makaranta), Tibiri: Wa alaikumus salam. Wanda ya goge da karatu ba ya bin harafi ɗaya-ɗaya. Ido tsalle yake a kan layi, ya ɗan tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya kwashi kalma sukutum, ma'anar jimla ta cike saura. Shi ya sa ko an rubuta "makarnta" kowa zai wuce bai lura ba. To amma rubutun Hausa dama can yana bin mai karatu canke: ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. Garin mutane da garin tuwo duk "gari" ne. In ka zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ kuma, canke ya hau kan canke. Baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ƙashi kuwa, mai tallar romo a waya ya kiyaye. Masu shan wuya su ne ƴan ajin farko da manyan da ke yaƙi da jahilci, don su har yanzu haɗa baƙi da wasali suke yi.

Mai gyaran salula, babbar kasuwa: Mushe ya yi gaskiya, amma rabin laifin na allon rubutu ne. Yawancin wayoyinmu a nan Nijar a kan Faransanci suke, sai gyaran kai-tsaye ya maida kalmar Hausa ta Faransanci kafin ka ankara. A shiga saitin allon rubutu na Gboard, wajen harsuna, a ƙara Hausa, a kashe gyaran kai-tsaye na Faransanci. Daga nan masu ƙugiya suna samuwa. Sai dai a sani: SMS guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku. WhatsApp ba ruwansa da wannan.

Hajiya mai atamfa, unguwar Zariya, Maraɗi: Ɗana, ka manta da rubutun lakwal, wato irin na makarantar Faransanci. Mu nan "tchiniki" da "koudi" muke gani, abokan cinikinmu na Katsina da Kano kuwa "ciniki" da "kudi" suke nema. Ido ya gane, akwatin bincike bai gane ba, shi haruffan da aka ba shi yake bi. Mai tallar kaya ya rubuta Tessaoua ya ƙara da Tasawa, Guidan Roumdji ya ƙara da Gidan Rumji. Farashi kuma a sa shi da lamba, a ce sefa ne ko naira. "Jika biyar" kawai rigima yake jawowa.

Ma'aikacin wurin aika kuɗi: Hajiya, a wurinmu abin ya wuce rigima. Sunan mutum ba shi da jimlar da za ta taimaka masa. Issoufou, Isuhu da Yusuf mutum ɗaya ne a gida, a kwamfuta mutum uku ne. Mai aikawa ya kwafi sunan harafi-harafi yadda yake a katin ɗan ƙasa na mai karɓa, ko da kuskure ne a katin. In ba haka ba sai mai aikawa ya koma an gyara, sannan a biya.

Mushe, Tibiri: Ƙari ɗaya. Mu a Nijar ƙa'idar 1999 ta ba mu ƴ, a Najeriya 'y suke rubutawa, duka daidai ne. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne rabon kalma: "ba ta" daban, "bata" daban, "ɓata" daban. "Bata zo ba" a gane, amma "kudin bata" fa?