Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kicin" a wasan fikilbol?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar sakandare a nan Gombe, kuma ina so mu tsayar da kalmomin wani wasa tun kafin bakin yara ya saba da na aro. Wasan shi ne wanda Amurkawa ke kira fikilbol, wanda Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum suka ƙirƙira a shekarar 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washinton. Girman filinsa daidai yake da na badminton, ƙafa 20 a faɗi da ƙafa 44 a tsawo, saboda haka makarantar da ke da wannan fili ba ta buƙatar komai sai ta sauke raga zuwa inci 36 a gefe da inci 34 a tsakiya, ta gyara layuka.

Sunan wasan ba ya fassaruwa, domin su kansu masu shi sun rabu a kan asalinsa: wasu sun ce matar Pritchard ce ta aro shi daga bakin masu tseren kwalekwale, wasu sun ce sunan karen gidan ne. Al'adarmu kuwa ita ce mu kira wasa da abin da ido ya fi gani a cikinsa, kamar ƙwallon kwando da ƙwallon raga da ƙwallon tebur da ƙwallon dawaki. A nan abin da ido ke fara kamawa shi ne ƙwallon kanta, wadda roba ce mara nauyi mai huji tsakanin 26 da 40. Wani malami daga Kumo ya kawo "ƙwallon allo", saboda abin bugun yana da faɗi da mariƙi. Malam, siffar ta yi daidai, amma darajar allo a wajen mutanenmu ta wuce a haɗa sunansa da dukan ƙwallo. An kuma kawo "ƙwallon rariya", sai dai rariya a bakin wasu magudanar ruwa ce. Ni "ƙwallon huji" na zaɓa, abin bugun kuma a kira shi mabugi.

Inda aikin yake shi ne "kicin". A kowane gefen raga akwai yanki mai zurfin ƙafa 7 wanda ya ratsa faɗin filin, kuma 'yan wasan shi suke wa wannan laƙabi. Idan muka ce madafa ko ɗakin girki, mun fassara laƙabi mun bar ma'ana, kuma yaron da ya ji haka bai ƙaru da komai game da doka ba. Wasu sun ce a kira shi "haramtaccen wuri", amma wannan zai koyar da kuskure, domin shiga wurin ba laifi ba ne. Ɗan wasa yana iya tsayawa a ciki, yana iya buga ƙwallon da ta riga ta dira a ƙasa. Abin da aka hana shi ne ya tare ƙwallo a sama tun ba ta dira ba alhali ƙafarsa na ciki ko tana kan layi, kai, ko da ya buga daga waje ne, idan ƙarfin bugun ya jefa shi ciki, ya yi laifi. Dalilin dokar shi ne kada dogo mai ƙarfi ya tsaya a bakin raga yana maka ƙwallo ƙasa, wasa ya mutu.

Kalmar da nake ganin ta ɗauki wannan duka ita ce hurumi. Bahaushe ya san hurumin gari da hurumin makiyaya: fili ne da aka keɓe, ana ratsa shi, ana tsayawa a cikinsa, amma akwai abin da ba a yi a wurin, kamar noma ko gini. Saboda haka nake roƙon mu tsaya a kan "hurumin raga". Alkalin wasa zai iya cewa "ka taka hurumi" cikin numfashi ɗaya, kuma ɗan kallon da bai taɓa ganin wasan ba zai gane cewa an ƙetare iyaka. Wata malama daga Bauchi ta ce a kira shi "ƙafa bakwai", yadda masu sharhin ƙwallon ƙafa ke cewa yadi na 18. Malama, wannan ma zai zauna a baki, kuma ba zan hana ɗalibi faɗarsa ba, amma awo kawai yake bayarwa, hurumi kuwa hukunci yake bayarwa.

Bugun da suke kira "dink" shi ne a taɓa ƙwallo a hankali ta haye raga da ƙyar ta faɗa cikin hurumin abokin karawa, har ya rasa yadda zai maka ta. Wannan ɗosanawa ce, kuma "ɗosana mata" umarni ne da kowane yaro zai gane. Dokar da ta ce sai ƙwallo ta taɓa ƙasa sau ɗaya a kowane gefe bayan bugun farko kafin a fara tare ta a sama, mu kira ta dokar dira biyu. "Sabis" kuwa, wato bugun farko, a bar shi, domin masu ƙwallon tebur da na raga sun daɗe da mayar da shi namu.

Abu ɗaya ya rage. A ƙa'idar da aka saba, ɓangaren da ke da sabis ne kaɗai ke cin maki, ana tashi a 11 da tazarar maki 2, don haka lokacin da sabis ya bar wani ɓangare ya koma ɗayan yana buƙatar suna mai kaifi. Na rubuta "hannu ya juya" a takardar darasina, amma ina so masu ƙwallon raga na Bauchi da Gombe su faɗa mana abin da suke cewa a fili kafin mu tsayar da shi.