An yi wa dokar bashin karatu gyara: ya za a yi da takardar da ɗalibai suka sa wa hannu?

Jami'in Tallafin Ɗalibai:

Assalamu alaikum. Tambayata ga lauyoyi da masu aiki a ofisoshin lamuni. Idan majalisa ta gyara dokar bashin karatu na gwamnati, ina makomar yarjejeniyar da ɗalibi ya riga ya sa wa hannu? Sai an kira kowa ya sake sa hannu, ko sanarwa ta wadatar? Wanda kuma aka ɗora wa aikin gyara fom ɗin, ta ina zai fara? Ɗalibai na ta tambaya, ba a so a ba su amsar da za ta dame su bayan shekara goma.

Barista:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a taɓa fom, a buɗe sabuwar dokar a nemo abu biyu: ranar da za ta fara aiki, da sashen da ya yi magana a kan waɗanda suka riga suka ci bashin. Wannan sashen yawanci can ƙarshe yake, shi ya sa ake tsallake shi, alhali shi ke raba gardama.

Wani gyaran sababbin shiga kawai yake hawa kansu. A Ingila, waɗanda suka fara karatu daga 1 ga Agustan 2023 suna ƙarƙashin tsarin Plan 5, inda sai bayan shekara 40 ake yafe ragowar bashi. Na gabansu, 'yan Plan 2, suna nan a kan shekara 30 ɗinsu, babu wanda aka kira ya sake sa hannu.

Wani gyaran kuwa har tsofaffi yake kamawa, kuma shi ma ba ya jiran sa hannu. A Ingilar dai, an shaida wa 'yan Plan 2 cewa albashin fam 21,000 a shekara da ake fara cirar bashi daga kansa zai riƙa hawa daidai da hawan albashi a ƙasar. A 2015 gwamnati ta sanar da daskarar da shi. Ta samu damar yin haka ne saboda ɗalibi ya amince tun farko zai biya bisa ƙa'idoji, har da gyaran da za a yi musu nan gaba. Ku duba takardarku, da wuya a rasa irin wannan jimla. A ganina zalunci ne a ɓoye ta cikin ƙananan haruffa. Ya kamata ta fito a shafin farko da harshen da ɗan shekara 18 zai gane.

Inda sabon sa hannu ya zama dole shi ne idan mai ba da bashin ya sauya. A Amurka, daga 1 ga Yulin 2010 bankuna suka daina ba da bashin karatu mai garantin gwamnati, Ma'aikatar Ilimi ta koma bayarwa kai tsaye. Ɗalibin da ke tsakiyar karatu sai da ya sa hannu a sabuwar takarda, tsohon bashinsa kuma ya ci gaba da zama a kan tsohuwar. Mutum ɗaya, takardu biyu, kowace da hukuncinta.

Mai Tsara Takardu:

Barista ya gama da ɓangaren doka, ga na aiki. A ja layi uku a takarda: abin da tsohon fom ya ce, abin da sabuwar doka ta ce tare da lambar sashe, da sabon rubutun da za a sa. A bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ake ganin ba a taɓa ba. Wuraren da suka fi motsi su ne sunan hukumar da ke bin bashin, sharuɗɗan cancanta, iyakar kuɗin, kuɗin ruwa, lokacin fara biya, kason da ake cira daga albashi, yafewa idan an rasu ko an nakasa, da hukuncin yin ƙarya a fom.

Abin da aka soke ya fi abin da aka ƙara wuyar kamawa. Dokar Najeriya ta 2023 ta ce sai kuɗin shigar gidan su ɗalibi bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa. Dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ta soke waccan, ta cire sharuɗɗan biyu. A irin wannan hali, idan aka bar shafin masu tsayawa a fom, ko da an rubuta cewa ba dole ba ne, ma'aikacin da ke karɓar takardu zai ci gaba da mayar da ɗalibi ya je ya cike shi, yaron da ba shi da kowa ya haƙura da karatu a kan sharaɗin da babu shi a doka. A cire shafin ɗungurungum.

Sai lambobin sashe. Idan an soke doka aka kafa sabuwa, lambobin kan goce, sai ka ga fom yana tura mai karatu sashen hukunci alhali sashen yafewa ake nufi.

A ƙasan kowane shafi a buga lambar bugu da ranar da ya fara aiki. Tsohon bugu kuma kada a goge shi daga rumbun ajiya, domin ranar da aka je kotu shi za a nema. Idan ta intanet ake sa hannu, a ajiye ainihin rubutun da ɗalibi ya gani a ranar, ba alamar ya danna "na amince" kaɗai ba. Rubutun nan yakan zauna a wurare da dama: fom, shafin tambayoyi da amsoshi, wasiƙar amincewa, da takardar da ake aika wa masu ɗaukar ma'aikata. Gyara ɗaya a bar uku shi ne kuskuren da ya fi yawa.

A lissafa lokaci da kyau. A Amurka fom irin wannan sai an ba jama'a kwana 60 su yi tsokaci, a ƙara wasu 30, kafin a amince da shi. Idan doka za ta riga sabon fom fara aiki, a fitar da gajeren rataye mai kwanan wata a haɗa da tsohon.

Akanta:

Ƙari a kan bayanin Hajiya Mai Tsara Takardu: sau da yawa ranar sa hannu ba ita ke yanke hukunci ba, ranar da aka saki kuɗin ce. Takardar alkawarin biya ta Amurka, wadda ake kira MPN, tana iya ɗaukar basussuka har na shekara 10, amma kuɗin ruwan kowane bashi ya danganta da shekarar da aka sake shi, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe bashin Grad PLUS, wato na masu karatun gaba da digirin farko, ga sababbin masu nema daga 1 ga Yulin 2026, ta bar wa wanda ya riga ya karɓa a kwas ɗin da yake yi damar ci gaba har zuwa shekara uku. To idan manhajar ofis tana tantance mutane da ranar sa hannu, za ta jefa su rukunin da ba nasu ba, kuma ba za a gane ba sai an fara cirar kuɗi. Kowane kaso da aka saki a ba shi nasa layi a rajista: rana, adadi, da bugun yarjejeniyar da ya hau kansa.

Jami'in Tallafin Ɗalibai:

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya, Barista: idan ɗalibi ya ƙi sa hannu a sabuwar fa?

Barista:

Haƙƙinsa ne, kada a tilasta masa. Ba zai samu sabon kaso ba, amma tsohon bashin yana kansa bisa tsohuwar takarda da duk gyaran da doka ta ce ya shafi tsofaffi. A rubuta masa wannan a wasiƙa, a sa ranar da ƙofa za ta rufe, a kuma ajiye shaidar cewa ta isa hannunsa.