"Ruwa ke ɗaukar jirgi, ruwa ke kifar da shi": gargaɗi ne ko dabarar mulki?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Wannan karin maganar mutanen Sin ce, ta fito daga malaminsu Xunzi tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce sarki jirgi ne, talakawa su ne ruwa. Ni a fahimtata, ma'anarta mulki na hannun talaka. Ko na yi kuskure?

Malam Na Gwale: Wa alaikumus salam. Ka ɗan zarce, Baban Ummi. Duba a bakin wa ta yi suna. Wei Zheng ne, mashawarcin Sarki Taizong na daular Tang, wanda ya yi mulki daga 626 zuwa 649. Dukansu biyu sun ga faɗuwar daular Sui da idonsu. Sarki Yang na Sui ya kwashi mutane aikin tilas na haƙa babbar hanyar ruwa, ya kai yaƙi Koriya sau uku tsakanin 612 da 614, ƙasa ta ɗauki wuta, aka kashe shi a 618. To bafade ne ke ja wa ubangidansa kunne don kada gidan sarauta ya rushe. Talaka ba ya wurin da ake maganar.

Ɗan Yauri: Allah gafarta Malam, bari mai kwalekwale ya sa baki. Ruwa ba ya kifar da jirgi haka siddan. Ko an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ko matuƙi ya raina iska. Lodin nan shi ne haraji da aikin dole. Sannan tun da nake ban taɓa ganin ruwa ya riƙe filafili ba. In ya kifar da wannan, gobe wani za a saka masa.

Maman Sadiya: Ɗan Yauri ka gama magana. Zhu Yuanzhang ɗan manoma ne, yunwa da annoba suka cinye iyayensa, har bara ya yi. Ya shiga tawaye, ya kori Mongol da ke mulkin Sin a lokacin, ya kafa daular Ming a 1368. Da ya hau jirgin fa? A 1380 ya kashe wazirinsa Hu Weiyong, ya soke muƙamin ɗungurungum, dubban mutane suka bi shi. Ruwan da ya ɗauko shi bai ga canji ba sai na sunan matuƙi.

Baban Ummi: Amma Hajiya, ai ko banza akwai tsoro. Sinawa sun yarda cewa sama ce ke ba sarki izinin mulki, kuma tana iya janyewa. Ambaliya, fari, tawaye, duk alamu ne. Sarkin da ya san haka zai ɗan sassauta.

Malam Na Gwale: Wani ya sassauta, wani a'a. Ga 1644: dakarun madugun tawaye Li Zicheng, yawancinsu manoma, suka shiga Beijing, Sarki Chongzhen na daular Ming ya rataye kansa a tudun bayan fada. 'Yan makonni kaɗan Janar Wu Sangui ya haɗa kai da ƙabilar Manchu, suka karɓe garin, daular Qing ta Manchu ta zauna har 1912. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maman Sadiya: Kuma Taizong ɗin da ake yabo, ai sai da ya hallaka 'yan'uwansa biyu a ƙofar Xuanwu kafin ya hau. Abin da nake ba shi shi ne jure gaskiya. Da Wei Zheng ya rasu a 643, cewa ya yi ya rasa madubi.

Ɗan Yauri: To Malam, tambayar amfani. Shugaban ƙungiyarmu ta masu jirage ya ƙara kuɗin kati. In na tashi a taro na jefa masa wannan, ta zauna?

Malam Na Gwale: Daga bakinka barazana ce, daga bakin na kusa da shi nasiha. Nemi wanda suke cin tuwo tare ya faɗa masa bayan sallar isha.

Ɗan Yauri: Matsalar, wanda suke cin tuwon taren shi ke yankar katin.