Shin al'adun Kirsimeti sun girmi addinin Kirista?

Baban Ladi:
Barkanmu da warhaka. Ana yawan cewa ranar 25 ga Disamba, da musayar kyaututtuka, da bishiyar da ake yi wa ado, duk an gaje su ne daga bukukuwan hunturu na mutanen Turai kafin zuwan addinin Kirista. Masana tarihi, ina gaskiyar wannan magana?

Ɗalibar Tarihi:
Baban Ladi, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Rumawa suna da bikin Saturnaliya na girmama gunkinsu na noma, wanda ake farawa ranar 17 ga Disamba, daga baya aka tsawaita shi har zuwa 23. A kwanakin nan ana rufe kotuna da makarantu, ana raba kyandir da 'yan mutum-mutumin yumɓu, har bayi su zauna cin abinci iyayengijinsu na yi musu hidima. A arewacin Turai kuma akwai bikin Yul na yanka da shaye-shaye a tsakiyar hunturu, wanda Sarki Hakon na Norwe ya mayar da shi lokacin Kirsimeti a ƙarni na 10, kuma har gobe mutanen Norwe suna kiran Kirsimeti da sunan Jul.

Tsohon Malami:
Malama ta yi bayani mai kyau, sai dai a yi hattara da batun ranar. Linjila ba ta ambaci ranar haihuwar Yesu Almasihu ba, kuma shaida mafi daɗewa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum take, a shekarar 336. Gaskiya ne Rumawa na bikin gunkin rana a wannan ranar, amma wasu masana na ganin lissafi Kiristoci suka yi: sun ɗauka an ɗauki cikinsa ranar 25 ga Maris, sai suka ƙirga wata 9. Ni a ganina wannan hujja ba ta jefarwa ba ce. Ita kuwa bishiya ba ta kai tsufan da ake ba ta ba, domin Jamusawa Kiristoci ne suka fara ta wajen ƙarni na 16, kuma ta bazu a Ingila ne bayan an buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848.

Baban Ladi:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Malam, to me ya sa Cocin Armeniya ke yin nata bikin ranar 6 ga Janairu?