Maratayin gyaran da zai iya da keken dutse mai batir

Mai hawa, Rayfield:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Keken hawan dutse ne mai batir, injinsa a tsakiya, nauyinsa kilo 24 da batir a ciki, sandar sirdinsa kuma irin mai sauka da tashi ce. Maratayin gyara nake so, wato ƙarfen da ake rataye keke a kai a yi masa aiki, na wanki, shafa wa sarƙa mai, saita giya da canza takalman birki idan an dawo daga duwatsun Shere a nan Jos. Na ga masu sauƙin kuɗi da aka rubuta kilo 30 a kwalinsu. Za su riƙe, ko in haƙura in tara kuɗin babba, ko kuwa in kai wa mai walda?

Makanike, Dilimi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Sandar tsaye za ta iya ɗaukar kilo 30 ɗin, amma ba a nan ake samun matsala ba. Keke mai batir nauyinsa ba a ƙarƙashin sirdi yake ba: inji na ƙasa, batir na cikin bututun gaba, ga shokin gaba da babbar taya. Da ka kama shi ta sandar sirdi, duk wannan nauyin gaba yake rinjaya, yana murɗa kan maratayin.

Wuri uku suke bayarwa. Na farko gaɓar da kan ke juyawa a kanta. Idan haƙoranta na roba ne, sannu a hankali suke cinyewa, wata rana sai keken ya duƙar da kai, tayar gaba ta daki ƙasa. Na biyu maƙogwaron da ke riƙe tsayin sanda: in roba ne mai noti ɗaya, sandar za ta riƙa zamewa ƙasa kana cikin aiki. Na uku ƙafafu, gajeru su ne ke kifar da keke. Idan ka je saye, ka buɗe shi a gaban mai kaya, ka ɗaure kan, ka kama bakin da ke riƙe keke da hannu biyu ka murɗa da ƙarfinka. In ya motsa a hannunka, kilo 24 ba zai bar shi ba.

Ni ma'aunina shi ne ƙarfin maratayi ya ninka nauyin keke sau ɗaya da rabi. Naka ke nan kilo 36 zuwa sama. Park Tool PCS-9.3 da PCS-10.3 duk kilo 36 aka rubuta musu, Feedback Sports Pro Mechanic HD kuma kilo 45.

Injiniya, Lamingo:
Oga ya faɗi gaskiya, bari in sa lissafi a kai. Kilo 24 nauyi ne na kusan niyuton 235. Idan tsakiyar nauyin keken ta yi gaba da bakin maratayi da santimita 30, murɗawar da ke kan gaɓar nan ta kai Nm 70 (niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗawa). Wato ya kusa ninki biyu na ƙarfin da ake ɗaure feda da shi, kuma haka yake zaune a kanta tun daga rataya har saukewa. Shi ya sa nake cewa kada a tilasta wa keken ya miƙe sambal a sama. A sassauta gaɓar, a bar gaban ya ɗan sauka har keken ya sami inda ya natsu da kansa, sannan a ɗaure. Giya tana saituwa lafiya lau ko da kan keken na kallon ƙasa.

Sai batir. In naka mai fita ne, cire shi kafin komai. Bosch PowerTube 625 kusan kilo 3.5 ne, na 750 ya haura kilo 4, kuma nauyin da ke can gaba ne ka rage, wanda ya fi wahalar da gaɓar. Amma idan wanki za a yi, a mayar da murfin wurin batir ko a rufe bakin wayoyin da leda.

Wajen tsayar da shi: mai ƙafa biyu, keken ya kasance a saman ƙafafun, ba bayansu ba. Mai ƙafa uku, juya shi har ƙafa ɗaya ta miƙe ƙarƙashin injin. Mai ƙafa uku ya fi jure tsakar gida mai tudu da kwari; mai ƙafa biyu ya fi matsawa jikin bango a ƙaramin ɗaki, sai dai yana son daɓen siminti sumul.

Hajiya, Tudun Wada:
Malam mai tambaya, ka kula da inda za ka kama, don a nan ake yin asara mai tsada. Bututun firam ba wurin kamu ba ne. Na kabon yana tsagewa daga ciki ba tare da ido ya gani ba, na alminiyam kuma bangonsa siriri ne, yana loɓawa. Sandar sirdi ita aka yi don matsi.

Mai sauka da tashi gida biyu ce: bututun ƙasa mai kauri wanda ke shiga firam, da na sama mai santsi wanda ke shiga yana fita. Na ƙasan ake so. Matsalar ita ce a yawancin kekunan nan abin da ya leƙo waje bai wuce santimita 2 ko 3 ba, bakin maratayi kuwa kusan santimita 7 yake ci. Abin yi: a naɗa salatif daidai inda sandar ta shiga firam don kada tsayin sirdi ya ɓace, a sassauta ƙullin da ke riƙe sandar da alanki, a riƙa tura wayar sandar daga wajen kan keke ana jan sandar sama a hankali. In aka fizga ba a ba wayar sarari ba, za ta zare daga gindin sandar, kuma mayar da ita a keke mai inji a tsakiya aiki ne mai cin rai. Kada a wuce layin da aka zana na iyakar fitowa. A ɗaure ƙullin da Nm 4 zuwa 6, ko abin da aka rubuta a jikinsa. In ya wuce haka sandar za ta riƙa maƙalewa wajen tashi.

Abu ɗaya da ba a yi ko kaɗan: rataye keke ko ɗaga shi ta sirdi alhali sandar na ƙasa. A wasu ire-iren hakan yana sa iska ta shiga inda mai yake, sai ka zauna ka ji sirdi yana lotsawa kamar katifa. A tashe ta har ƙarshe tukuna.

Makanike, Dilimi:
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Na ƙasan ya fi, ban musa ba. Amma aikin minti goma, kamar shafa mai, ba na ganin laifin kama bututun sama idan sandar na tashe gaba ɗaya, an goge ta, an goge robar bakin, kuma ba a matse fiye da kima ba. Abin da ke ɓata ta ba matsi ba ne, yashi ne. Ƙurar hunturun nan tamu da jar ƙasar hanyoyin kududdufan kuza suna maƙalewa a robar, su zama kamar sanfefa. Karce ɗaya a wannan bututun ya isa ya riƙa cin robar hatimin sandar duk lokacin da ta sauka.

Hajiya, Tudun Wada:
To ai shi ya sa nake gudunsa, Oga. Daga Disamba zuwa Fabrairu wa zai rantse robarsa ba yashi? Wanda zai bi taka hanyar ya sa tsumma mai tsabta tsakani.

Mai walda, Bukuru:
Alhaji, na gida ma yana yi, in an san abin da ake yi. Mai naɗewa dai a bar wa kamfani, don gaɓoɓinsa ne ke da wuyar samu daidai. Wanda muke iya yi da kyau shi ne kafaffe.

Na ƙasa: bututun ƙarfe inci 2, kaurin bangonsa milimita 3, tsayi kamar santimita 130. A gindinsa faranti mai kaurin milimita 8, faɗi santimita 25 da 25, da huda huɗu, a ɗaure shi a daɓen kankare da kusoshi masu buɗewa na M10, wato masu kaurin milimita 10. A sa ƴan ƙarafa masu kusurwa uku tsakanin bututun da farantin, don a nan walda ke fara tsagewa. Hannun da zai riƙe bakin ya fito santimita 35 zuwa 40, yadda feda za ta zagaya ba ta daki sanda ba. In ya fi haka tsawo, wahala ce kawai aka ƙara wa gindin.

Na bango kuwa, kada a ɗaure shi a bulo. Bulonmu na inci 9 rami ne a ciki, kusa mai buɗewa ba ta samun abin kamawa, sai ta fito da filasta. A nemi ginshiƙin kankare, ko a huda bangon har waje a sa dogon ƙarfe mai zare da faranti ta baya.

Shi bakin, shawarata a sayi na kamfani a ɗora a kan ƙarfen gida. Kuɗin kawo shi ma ya fi sauƙi tunda ba shi da nauyi. In dole sai na gida, a tsaga bututu biyu a tsaye, a liƙa roba mai kauri a ciki. Tub ɗin taya shi kaɗai bai isa ba, yana murɗewa. A auna sandar sirdin kafin a yanka: kaurinta milimita 30.9 ne, ko 31.6, ko 34.9. Sannan fenti biyu, na hana tsatsa da na sama, saboda daminar Jos ba ta raga wa ƙarfe.

Mai hawa, Rayfield:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗagawa. Ko an cire batir, mutum ɗaya zai iya riƙe kilo 20 da hannu ɗaya yana murza baki da ɗayan?

Baba mai faci, Gangare:
Ɗana, ba a yin haka, bayanka za ka ɓata. Sauke bakin maratayin zuwa ƙasa iyakarsa. Sa akwatin lemo a kife, ko guntun katako mai kauri daga kasuwar Katako, ka gangara tayar baya ta hau kai har sandar sirdi ta zo daidai bakin. Kama, ɗaure, sannan ka ɗan ɗaga bayan ka ture akwatin da ƙafa. Tayar gaba tana iya zama a ƙasa abinta. Aikin sarƙa, giya da birkin baya duk ba sa bukatar fiye da tayar baya ta bar ƙasa da tafin hannu ɗaya, kuma tayar gaban ta ɗauke wa maratayin rabin wahalarsa. Wajen saye ka duba bakin da ke rufewa da bugu ɗaya kafin a ƙarasa da murzawa. Wanda sai an yi ta murzawa tun daga buɗe ba na mai keke mai nauyi ba ne. Akwai mai ɗagawa da lantarki, Park Tool PRS-33.2, amma wannan na babban shago ne.

Injiniya, Lamingo:
Baba ya tuna mini wasu abubuwa. Irin maratayin da ake cire tayar gaba a ɗora gindin keke a kan ƙaramin mazauni, na kekunan tsere ne. A naka inji ne a wurin, ba zai zauna daidai ba.

A kashe keken kafin hannu ya je kusa da sarƙa. Injinan nan, Bosch CX da Shimano EP8, ƙarfinsu ya kai Nm 85, ba abin da yatsa zai gwada ba ne. A irin waɗannan injinan kuma, juya feda baya ba ya tafiyar da sarƙa, don haka gaba ake juyawa wajen shafa mai, a kiyaye fesa shi kusa da faifan birki. In aka cire taya, a cusa ɗan robar nan tsakanin takalman birki, don in hannu ya taɓa birkin babu faifai, sai su haɗe. A riƙe kan keke lokacin zare tayar baya, saboda nauyi yana komawa gaba nan take. Bayan an mayar da ita a duba maganaɗisun auna gudu. In ya goce, allon Bosch zai nuna lambar matsala 503.

Makanike, Dilimi:
Kuma duk noti mai taurin kai a ƙasa ake fara kwance shi, tayoyi biyu a kan siminti, kafin a rataya: feda, ƙullin giyoyin baya mai Nm 40, da zoben da ke riƙe farantin sarƙa a jikin inji. Shi wannan zoben a Bosch CX da EP8 zarensa na hagu ne, kamar fedar hagu, wato ta hannun dama ake kwance shi. Haka ma ɗaurin ƙarshe, a sauko da keken tukuna. Ƙanena, kafin ka biya kuɗi ka auna inda sandar sirdinka take daga ƙasa, ka tabbata bakin maratayin yana saukowa kusa da wurin, PCS-10.3 daga santimita 99 yake farawa.